Darasin Yara: Katantanwar da Ta Zama Dutse

Iyaye da malamai, ga darasi don yaranmu. A da can, teku ya rufe ƙasar Sakkwato. A cikinsa akwai wata dabba mai suna amonait, mai katantanwa naɗaɗɗiya kamar ƙahon rago. Irinta ya ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce. Laka ta binne katantanwarta, a hankali ta zama dutse. Ana samun irin waɗannan a Dukamaje, jihar Sakkwato. Duwatsunmu na Kwatarkwashi da Tsafe kuwa daga narkakken dutse suka daskare, shi ya sa ba ma ganinsu a nan.

Aiki: yara su danna katantanwar dodon koɗi cikin laka, su cire, su bari ta bushe. Ku tambaye su: dabbar ta tafi, me ta bari?