ZAƁEN DABBAR KIWO A ƘARAMIN GIDA: DARASI DAGA BULUMKUTU

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana na cewa, daidai ruwa daidai tsaki. Wannan karin magana shi ne ginshiƙin abin da nake son tattaunawa a wannan maƙala, wato yadda mai ƙaramin gida zai zaɓi dabbar da zai kiwata, da kuma irin da ya dace da shi a cikin jinsin wannan dabba. Na ɗauki unguwarmu ta Bulumkutu, wadda ke yammacin Maiduguri a kan hanyar Damaturu, a matsayin misali, domin da wuya ka ratsa layi guda ba ka ji kukan akuya ko carar zakara ba. Ga gidaje da dama, dabbar nan ita ce asusu. Ita ake kaiwa kasuwa in kuɗin makaranta ya taso, ko rashin lafiya, ko suna. Saboda haka kuskure wajen zaɓe ba ƙaramar asara ba ce, musamman ga matar da ta tara kuɗin adashi na wata da watanni kafin ta sayi akuya ɗaya.

2.0 Tambayoyi Huɗu Kafin Zuwa Kasuwa

A ganina, tun a tsakar gida ake fara zaɓen dabba, kafin a kai ga dillali. Akwai tambayoyi huɗu da ya kamata mutum ya amsa wa kansa.

Ta farko, me nake nema? Mai son kuɗi a dunƙule lokacin Babbar Sallah, ragon turka ya dace da shi. Mai son dabba ta riƙa haihuwa tana yaɗuwa, akuya ko tunkiya. Mai son abin cefane na mako-mako, kaji ko tattabaru.

Ta biyu, ina fili? Yawancin gidajen unguwa fuloti ɗaya ne ko rabi, wasu ma haya ake yi. Ga shi kuma tun rikicin da ya ɓarke a 2009, kora dabbobi daji mai nisa ya daina zama abu mai sauƙi kamar da. Ke nan dabbar da za a zaɓa sai wadda za ta iya zama a ɗaure ko a killace.

Ta uku, ina abinci da ruwa? Daminar Maiduguri gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, sauran watannin duk sayen abinci ake yi. Dabba mai tuƙa tana cin busasshen abinci kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari na nauyinta a kullum. Ragon da ya kai kilo 40 zai ci kusan kilo ɗaya da rabi a rana, wato kilo 135 a kwana 90. Sa mai kilo 250 kuwa zai ci wajen kilo 7 ko fiye a rana, wato sama da kilo 600 a kwanakin nan. Haka ruwa: rago na shan lita kaɗan, amma sa a tsakiyar bazara yana iya shanye jarka biyu. Wanda ke sayen ruwa a wurin mai moya sai ya sa wannan a lissafi.

Ta huɗu, wa zai kula? In mai gida na fita tun safe, yara na makaranta, to nauyin yana kan uwargida. Bai dace a kawo mata bajimin da ba za ta iya riƙe igiyarsa ba.

3.0 Awaki

Akuya ce dabbar da na fi ba mai farawa shawarar ya ɗauka. Cikinta wata biyar ne, kuma in ana ciyar da ita sosai tana iya haihuwa sau uku a shekara biyu. Tana cin ganye da ɓawon wake da sauran abincin da tunkiya za ta shinshina ta bari. Iri biyu aka fi gani a wajenmu.

Na farko ita ce akuyar Sahel, mai dogayen ƙafafu da siririn jiki, wadda farar cikinta aka fi sani da farar akuyar Borno. Tana jure zafi da ƙishirwa, tana da tsayi, nononta kuma ba laifi. Sai dai ta fi yawan haifar ɗa ɗaya, kuma danshi ba ya yi mata daɗi, don haka da damina sai an sama mata busasshen wurin kwana.

Na biyu ita ce jar akuya, wadda ake kira ta Sakkwato a Nijeriya, ta Maraɗi a Nijar. Ba ta kai ta Sahel tsayi ba, amma ta fi ta cika, ta fi ta yawan tagwaye, kuma ta saba zaman gida. Fatarta ce aka yi ta kaiwa ta hamada har Turai ta san ta da sunan fatar Maroko. Saboda darajarta, tun 1963 aka kafa cibiyar kiwonta a Maraɗi. Wanda burinsa garke ya yaɗu da wuri a ƙaramin fili, jar akuya ta fi masa. Wanda ke son babban taure na yanka ko nonon yara, ya duba ta Sahel. Ita kuwa gajeriyar akuyar kurmi, ƙasar danshi aka halicce ta dominta, ba ta da wata fa'ida ta musamman a nan.

4.0 Tumaki

Sunayen tumakinmu ma abin nazari ne ga ɗalibin harshe. Uda ta samo suna daga Udawa, Fulanin da suka shahara da kiwonta, Yankasa kuwa asalinta 'yan ƙasa ne, wato na gida.

Balami ita ce mafi girma a tumakin Nijeriya, kuma Borno ce cibiyarta. Fara ce fat, mai gantsararren hanci da dogayen kunnuwa masu lilo. Ragon Balami shi ne sarkin turka, domin yana karɓar kiwo, yana kuma da farin jini a kasuwar Sallah har kudancin ƙasar nan. Amma girman jiki girman ci ne. Wanda ba zai iya ba shi harawa da dusa da ƙulin auduga yadda ya kamata ba, zai tashi da dogon rago mai ƙasusuwa.

Uda ana gane ta da launi biyu: gaba baƙi ko ja, baya fari. Doguwa ce, ta saba doguwar tafiya a bayan makiyayi. Ana turka ragonta, amma tunkiyarta ta fi son sarari a kan ƙuntataccen gida.

Yankasa matsakaiciya ce, fara mai baƙi a kewayen ido da kunne da baki. Ba ta kai waɗancan biyu tsada ba, ba ta kai su ci ba, kuma ta fi su haƙuri da zaman unguwa. Ga mai ƙaramin jari da ke son tunkiyar haihuwa, ita ce ta fi sauƙin riƙo.

Akwai wani abu da mai turka ya kamata ya lura da shi a 'yan shekarun nan. Babbar Sallah na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2024 da 2025 a watan Yuni aka yi ta, kuma daga nan baya take ja zuwa Mayu da Afrilu. Ma'ana, watanni ukun turka suna faɗawa a lokacin da zafi ke haura digiri 40, harawa kuma ta fi kowane lokaci tsada. Don haka wanda zai turka Balami, tun kaka ya kamata ya sayi harawar wake da ta gyaɗa ya adana a kan rufi ko rumfa. Wanda bai tanada ba, gara ya turka Yankasa biyu da ya turka Balami ɗaya ya kasa ciyar da shi. A tuna kuma cewa mai sayen ragon layya ba zai karɓi mai ido ɗaya, ko gurgu, ko marar lafiya, ko ramamme ba, don haka tun ranar saye a kauce wa waɗannan aibobi.

5.0 Shanu

A Kasuwar Shanu ta Maiduguri mutum zai ga iri-iri. Akwai Wadara, shanun Larabawan Shuwa, matsakaita masu gajeren ƙaho da duhun ja, waɗanda suka saba da ƙasar nan kuma ana tatsar su. Akwai Rahaji, ja masu dogon ƙaho, shanun tafiya ne masu zafin rai, ba su dace da tsakar gida mai yara ba. Akwai Bunaji farare, da Bokolo na ƙasar Sakkwato masu sanyin hali da saurin ƙiba, waɗanda masu turka ke so. Akwai kuma Kuri na Tafkin Chadi, masu kumburarren ƙaho, waɗanda rayuwarsu ta ginu a kan ruwa da ɗanyar ciyawar tsibirai. Duk kyan nononsu, in aka raba su da tafki aka ɗaure a kan rairayi, wahala suke sha.

Haka nan shanun madara na Turai masu baƙi da fari. Yawan nonon da ake ba da labari a ƙasar sanyi ake samunsa. A zafin Afrilu na Maiduguri cinsu raguwa yake yi, nono ya ja baya. Shawarata ita ce mai fuloti ɗaya ya bar saniyar haihuwa, domin cikinta wata tara ne, sai an jima kafin a ga amfani. In yana da fili da jari, ya turka sa ɗaya na wata uku zuwa huɗu ya sayar.

6.0 Kaji da Sauran Tsuntsaye

Kazar gida ita ke neman abincinta, ta yi kwanci kwana 21, ta yi renon 'ya'yanta. Ƙwanta kaɗan ne, girmanta a hankali, amma namanta na da daraja a kasuwa. Kajin gidan gona na nama suna isa sayarwa a mako shida zuwa takwas, sai dai komai nasu saye ne, kuma zafin bazara na kashe su idan ɗaki ba iska. Wanda zai yi su, ya fi kyau ya zuba bayan damina. A tsakanin waɗannan biyu akwai irin da aka inganta: ShikaBrown mai ƙwai, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta samar, da Noiler mai ba da nama da ƙwai. Sun fi kazar gida girma, sun fi na gidan gona juriya, amma ba kasafai suke kwanci ba, sai an sake sayen 'yan tsaki ko a sa wa kazar gida ƙwan.

Zabo yana jure zafi, ƙwansa da damina yake zuwa, ana kuma sa wa kaza ta ƙyanƙyashe cikin kwana 26 zuwa 28. Amma ga yawo ga surutu, maƙwabta na iya kawo ƙara. Tattabara kuwa ba ta cin fili, tukunya ko akwati a jikin bango ya ishe ta, ƙwai biyu take yi ta ƙyanƙyashe cikin kwana 18. Ɗalibi ma zai iya farawa da ita.

Babban abokin gabar kaji shi ne annobar nan ta hunturu da likitoci ke kira Niyukasil, wadda ke share akurki cikin 'yan kwanaki. Ba ta da magani, amma tana da rigakafi, kuma cibiyar Vom ta jihar Filato na yin sa. Duk irin da aka zaɓa, in ba a yi wannan ba, an yi aikin banza.

7.0 Yadda Ake Duba Dabba a Kasuwa

Bayan an tsayar da iri, saura zaɓen ita kanta dabbar. Abin da na ga ƙwararrun masu kiwo na yi shi ne:

A buɗe baki a duba haƙora. Akuya da tunkiya suna da haƙoran gaba takwas a ƙasa, babu a sama. Biyun tsakiya suna sauyawa su zama manya a tsakanin shekara ɗaya da ɗaya da rabi, sauran kuma bibbiyu har zuwa wajen shekara huɗu. Mai manyan haƙora biyu ko huɗu ita ce a kan ganiyarta. Wadda haƙoranta suka zube ta tsufa, komai arahar ta.

A janye fatar ido ta ƙasa. In ciki ja ne, jini lafiya. In ya yi fari, akwai alamar tsutsar ciki ko ciwon hanta. A duba hanci ko da majina, a ɗaga wutsiya ko da alamar zawo, a leƙa baki ko da gyambo. Waɗannan uku in sun haɗu, ana zargin cutar da ake kira PPR, wadda ke iya gamawa da awakin gida gaba ɗaya. A shafa jiki ko da kaska ko kirci, a sa dabbar ta yi tafiya a ga ƙafafunta. In mace ce a taɓa hantsa, a tabbata nonuwa biyu lafiya suke ba ƙulluwa.

Akwai kuma matsalar leda. Dabbar da ta saba kiwo a juji takan haɗiye leda ta cunkushe mata tumbi, sai a ga ciki ya kumbura jiki kuwa yana ramewa, duk abin da aka ba ta ba ya kama ta. A yi hattara da irin wannan, a kuma tambayi inda dabba ta fito.

In an kawo gida, kada a haɗa ta da na gida nan take. A ware ta mako biyu zuwa uku, a ba ta maganin tsutsa, a yi mata rigakafi. Jami'ar Maiduguri tana da asibitin koyarwa na dabbobi, akwai kuma likitocin dabbobi a cikin gari. Mai kiwon haihuwa kuma ya riƙa sauya bunsuru ko rago, kada uba ya riƙa hawan 'ya'yansa, domin hakan na kawo raunanan 'ya'ya.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala na yi ƙoƙarin nuna cewa babu irin da ya fi kowane iri a ko'ina. Balami da ke kawo riba ga mai rumbun harawa, shi ne ke karya wanda ke sayen dusa mudu-mudu. Ga gidan da ke farawa a unguwa irin Bulumkutu, abin da nake gani ya fi aminci shi ne jar akuya biyu ko tunkiyar Yankasa, da kajin gida biyar zuwa goma da aka yi wa rigakafi. In an ga shekara ta zagayo lafiya, sai a ƙara ragon turka. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda iyayensu mata ke kiwo a gida, da su zauna da su su yi lissafin abinci da ruwa na wata uku a takarda kafin a fitar da kuɗi. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.