Karatun Fasaha Kyauta a Ghana

Idan ka gama sakandare, kana son kimiyyar kwamfuta ko aikin injiniya amma gida babu hali, duba Jami'ar Ashesi da ke Berekuso a Ghana. Gidauniyar Mastercard tana ɗaukar nauyin ɗalibai a can: kuɗin makaranta, masauki da abinci.

Sakamako mai kyau a jarrabawar kammala sakandare, kamar WAEC, dole ne, amma rubutun da za ka haɗa da takardunka shi ke fitar da kai daga taro. Kada ka ce za ka gyara duniya. Kawo matsala ɗaya da ka gani da idonka, kamar tumatir da ke ruɓewa a Kadawa saboda rashin wurin ajiya, da dabarar da ka gwada. Duk wanda ya nemi kuɗi don ya sama maka gurbin, kada ka ba shi ko sisi.