Ina Masaƙan Tabarma Suka Shiga?

Malam, mai sauraronmu daga Yelwa a Bauchi, kana tambaya ko saƙar shimfiɗa ta gargajiya za ta iya farfaɗowa.

Za ta iya, Malam. Darduma dai yawanci shigo mana da ita ake yi. Tamu ita ce tabarmar kaba, wadda ake tsaga ganyen goriba, a shanya, a rina, a saƙa ɗauri-ɗauri sannan a ɗinke. Aikin kwanaki ne, ga tabarmar roba ta cika Kasuwar Muda Lawal da araha. Dillali ya kwashe riba, masaƙi ya tashi da ciwon baya, to wane yaro zai gaji wannan?

A 2010 UNESCO ta sa saƙar dardumar Kashan ta Iran cikin kayan gadon duniya, amma ciniki ne ke riƙe da masaƙanta. Mu ma sai masaƙa sun haɗa ƙungiya suna sayarwa da kansu. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa tana nan Yelwa, ɗalibanta na iya taimaka musu da sabon zane. Masallatai da masu kayan ɗakin amarya kuma su riƙa yin oda, su biya rabin kuɗi tun kafin a yanko kaba.