DARASI: YADDA AKE ZAƁEN KAYAN HAƊA KWAMFUTA

Kwamfuta na'ura ce mai riƙe rubutu da lissafi. A Maradi an fi saninta da odinatar. Wadda ake girkawa bisa tebur haɗa ta ake yi, kamar amalanke: ƙafafu daban, katako daban.

Ƙungiyar manoma irin ta Jiratawa na iya buƙatarta don rubuta sunayen masu gonaki, da bashin taki, da kuɗin ruwa. Kuɗin sayenta na jama'a ne. In aka yi mugun zaɓe, guminsu ya tafi a banza.

KAYA BIYAR NA CIKIN AKWATI

1. Ƙwaƙwalwa. Masu gyara suna ce mata furosesar. Ita ke yin lissafi. Kamfanoni biyu suka fi ƙera ta: Intel da AMD. Aikin ƙungiya ba ya buƙatar mai tsada. Amma a tambaya ko tana fidda hoto ita kaɗai, don kada a ƙara sayen katin hoto.

2. Uwar allo. Bisanta ake kafa sauran kaya. Kowace gurbin ƙwaƙwalwa iri guda gare ta. Ƙwaƙwalwar Intel ba ta shiga gurbin AMD. Ko cikin AMD, gurbin AM4 daban yake da AM5 wanda ya fito a 2022. Don haka a sayi biyun tare.

3. RAM. Kamar tabarmar shanya take. In tana da faɗi, aiki ya yi sauri. Ana awonta da jiga. Jiga 8 ta isa. Akwai DDR4, akwai DDR5, kuma ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya.

4. Rumbu. Nan ake ajiyar aiki. In an kashe na'ura RAM ta manta kome, amma rumbu ba ya mantuwa. Tsohon iri yana da faifai mai juyawa. Sabon iri, SSD, babu abin da ke motsi cikinsa, kuma ya fi sauri. Mai jiga 256 ya isa.

5. Akwatin wuta. Shi ke karɓar wutar bango mai bolt 220, ya rage ta, ya raba ma kowane kaya. In maras kyau ya ƙone, yana iya ƙona sauran. A nan araha ba ta ado.

ABOKAN GABA UKU

Na farko zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maradi yakan wuce digiri 40. A zaɓi akwati mai fanka gaba da baya.

Na biyu ƙura. Lokacin hunturu tana toshe fanka, na'ura ta yi zafi ta mutu. A rufe ta da zane bayan an kashe, a riƙa kakkaɓe ta.

Na uku yankewar wuta. Da yawan wutar da NIGELEC ke rabawa a Maradi daga Najeriya take zuwa, ta layin Katsina. A watan Agusta 2023 Najeriya ta yanke wuta, ba ta maido ba sai a watan Maris 2024. In wuta ta ɗauke kwatsam, aikin da ba a ajiye ba ya ɓace. Maganinsa akwatin baturi da ake kira ondilar. Yana riƙe na'ura ƴan mintoci har a ajiye aiki a kashe. A ware kuɗinsa tun farko.

RANAR SAYE

Kayan da suka fito Kano sukan zo da fulogi mai haƙora uku masu kusurwa, wanda ba ya shiga ramin bango mai ido biyu. Allon bugun haruffansu da QWERTY yake farawa, na faransanci kuwa da AZERTY.

Wakilin da ya taso daga Tibiri ko Jiratawa kada ya ɗauki kaya sai an haɗa an kunna gabansa. Ya karɓi takardar shaidar saye. Wanda ya yi yaƙi da jahilci zai karanta abin da ke jikin kwali da kansa. Mai tambaya ba ya ɓata.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne kaya biyu ne ake saye tare?
2. Mene ne bambancin RAM da rumbu?
3. Mene ne amfanin ondilar?