Naɗa Lauya Mai Ritaya Ya Gabatar da Ƙara a Madadin Gwamnati

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi, idan aka sace wa manomi shanun huɗa, ko aka cinye wa ƙungiya kuɗin auduga, jama'a kan zo wurin Hakimi su ce, "Ga wane ɗan garinmu, tsohon lauyan Gwamnati, a sa shi ya bi mana shari'ar." Wajibi ne Hakimai da malamansu su san abin da doka ta ce kafin su amsa.

Na farko, ƙarar laifi ta Gwamnati ce. Sashe na 211 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Antoni Janar na Jiha ikon shigar da ita, da karɓe ta daga hannun wani, da janye ta kafin hukunci. Lauyan da ya yi ritaya ya fita daga ma'aikatarsa, saboda haka sai da takardar izninsa zai gabatar da ƙara. Wasiƙar Hakimi ba ta isar masa. A 2018, cikin shari'ar tsohon Gwamna Ibrahim Shema, Kotun Ƙoli ta tabbatar da iznin da Antoni Janar na Katsina ya ba Hukumar EFCC. Hukuncin nan bai taɓa maganar laifi ba.

Na biyu, lalle ya zama lauya ne har yanzu. Watau sunansa yana cikin rajistar lauyoyi ta Kotun Ƙoli, kuma ya biya kuɗin aikin lauya na shekarar, wanda a ke biya kafin ƙarshen Maris. Ritaya ba ta soke suna, amma wanda bai biya ba, kotu ba ta saurarensa.

Na uku, a bambanta tsohon lauya da tsohon alƙali. Sashe na 292 ya hana wanda ya taɓa zama alƙalin Babbar Kotu, ko na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, ko na sama da su, ya sake tsayawa gaban kowace kotu a matsayin lauya, kome iliminsa.

To, ga aikin malamin Hakimi. Ya rubuta koken jama'a zuwa Ma'aikatar Shari'a a Katsina, da sunan wanda su ke so, da aikin da ya bari. In lauyan yana da dangantaka da mai ƙara ko wanda a ke tuhuma, a faɗa, kada a ɓoye. In kuwa wani ya zo yana neman a tara masa shaidu, a nemi ganin takardarsa, a duba wace shari'a aka ambata cikinta, a rubuta lambarta a littafin ofis.

In aka yi sakaci, lauyan wanda a ke tuhuma zai ta da maganar izni a kotu. Shari'a ta yi ta jinkiri, manomi ya yi ta zirga-zirga, damina ta wuce shi ba shanu ba hukunci.