Lissafin Aji Ɗaya Ya Riƙe Ni, Yaya Zan Yi?

Tambaya: Malam, ina karatun injiniya, na faɗi lissafi da fizik na aji ɗaya. Ina tsoron abokaina su wuce ni. Me zan yi?

Amsa: Ɗana, ka kwantar da hankalinka. Digirin injiniya a jami'o'in Najeriya shekara 5 ne, kuma ƙa'idar hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta ba da damar ƙarin lokaci da ya kai rabin wannan wa'adi. Kana da sarari, sai dai ka yi amfani da shi da tsari.

Ka fara da rajistar darussan da ka faɗi kafin sababbi. Lissafin aji ɗaya shi ne tushen lissafin injiniya na aji biyu, kuma da shi ake fahimtar darussan ƙarfin kayan gini, motsin ruwa da lantarki. Wanda ya tsallake shi zai ci gaba da tuntuɓe har aji biyar.

Kada ka cika yunit 24 a zango ɗaya don gaggawa. Ka tsaya kusa da mafi ƙaranci, wato 15, ka ci su da kyau, matsakaicin makinka ya farfaɗo. Ka zauna da malamin da ke kula da ajinku, ku rubuta tsarin kowane zango, ku tabbata ka kammala bashin darussan kafin horon aiki na SIWES na wata 6 a aji huɗu.

Ka gaya wa iyayenka gaskiya tun yanzu, domin ƙarin shekara ƙarin kuɗi ne. Allah ya ba ka nasara.