Yadda Ƙaramin Kanti Zai Fito Fili a Intanet

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ta Mubi ya san aikin dillali. Baƙo ya kan sauka bai san kowa ba, dillali ne zai kama hannunsa ya kai shi wurin mai sa irin wanda ya ke nema. To, a intanet ma akwai dillali, watau injin bincike, mafi shahara kuwa shi ne Google, wanda Larry Page da Sergey Brin suka kafa a Amurka a 1998. Ɗalibin da ya zuba ɗan jarinsa ya buɗe kanti a intanet, in wannan dillali bai san da shi ba, kayansa sai su kwana, kuɗin kuwa su narke.

Aikin dillalin iri uku ne. Da fari ya kan aiki waɗansu manhajoji su bi shafi shafi suna karantawa. Sa'an nan ya jera abin da suka karanto cikin wani babban kundi. In wani ya yi tambaya, sai ya duba kundin, ya tsara amsoshi bisa ga wanda ya fi dacewa. Kun ga ke nan, shafin da ba a karanta ba bai shiga kundi ba, balle a nuna shi.

Abu na farko, kira kayanka da sunan da mai saye ya ke kiransu. A ce kilishi ka ke sayarwa. Kan shafin ya zama "Kilishin naman sa, Mubi, Jihar Adamawa". In ka sa "Barka da zuwa" kurum, wa zai neme ka da wannan? Lalle kuwa ka ƙara sunan jihar, gama akwai wani kamfanin nuna finafinai na ƙasashen waje mai suna MUBI, wanda ya kan tare gaba in an rubuta sunan garin shi kaɗai. Har wa yau, da ya ke muna maƙwabtaka da Kamaru, in kana son masu saye daga can, ƙara ɗan bayani da Faransanci.

Na biyu, kowane kaya a ba shi shafinsa, da kuɗinsa, da nauyinsa, da yadda a ke aikawa zuwa Yola ko Maiduguri. Rubuta bayanin da kanka, kada ka kwaso na wani. Hoto kuma a sa masa 'yan kalmomi masu faɗin abin da ke ciki.

Na uku, tuna da mai waya. Tun 2015 Google ya ke fifita shafin da ke karantuwa sosai a wayar hannu. Rage nauyin hotuna, don mai ƙarancin data ba zai tsaya jiran shafi mai nawa ba.

Na huɗu, yi rajista da Google Business Profile, kyauta ne, ka sa adireshi da lokacin buɗewa don kantin ya fito a taswira. Search Console shi ma kyauta ne, ya kan nuna maka kalmomin da mutane suka rubuta har suka ga shafinka.

Na biyar, nemi shaida. Dabarar da Page da Brin suka fara da ita, watau PageRank, ita ce ƙirga shafukan da ke nuni zuwa ga wani shafi, kamar yadda dillali ya kan amince da wanda mutanen kirki suka tsaya masa. Roƙi waɗanda suka saya su rubuta abin da suka gani. Amma kada ka sayi shaidar zur, ramin ƙarya ƙurarre ne, in an gane sai a mai da shafinka baya. Wanda kuma ya ce ka biya shi ya sa ka kan gaba cikin mako guda, riƙe kuɗinka. Aikin ya kan ɗauki watanni, amma sannu ba ta hana zuwa.

Aikin gwaji: kowane ɗalibi ya zaɓi kaya guda da a ke sayarwa a Mubi, ya rubuta masa kan shafi da bayani na layi biyar, sa'an nan ya nemi sunan kayan a Google, ya gwada nasa da na waɗanda suka fito a sama.